Wuƙar Mwakipesile Ta Ƙi Karyewa

A kasuwar Mwanjelwa da ke garin Mbeya, wata tsohuwa ta dangwarar da wuƙa mai ninkewa a teburin mai sayar da wuƙaƙe.

"Kai ka sayar wa mijina Mwakipesile wannan masifar?"

"Sannu da zuwa, Mama. Karyewa ta yi?"

"Da ta karye me zai kawo ni? Tun da ta shiga aljihunsa, ko haƙori jikan maƙwabci ya fitar sai ya yanka min akuya, wai murna. Biyu suka rage. Na daka wuƙar a turmi, taɓarya ta tsage. Na tura ta ƙarƙashin mota, taya ta fashe, na sha zagi."

Mutumin ya buɗe wuƙar, ya jujjuya ta, ya rage murya.

"Mama, ai tawa ce. Tun damina nake nemanta, ashe cikin na sayarwa ta faɗa. Waɗannan na tebur ko rogo suka gani lanƙwashewa suke yi."

"Ka rantse."

"Na rantse da Allah."

"To riƙe abarka, ɗan albarka. Zaɓo min wadda ta fi lalacewa, amma ƙotarsu ta zama iri ɗaya, kada tsohon ya gane."