Takardar da Aka Manna a Kan Hoton Tsoho

A bencin jiran bas, gaban wani gidan nunin zane a garin Broome, na zauna kusa da wani ƙaton direban masu yawon buɗe ido da wata tsohuwa 'yar asalin ƙasar.

Direban ya ce, "Anti, kin ga sakacin mutanen nan? Babban mai zanen garinmu, amma sun manna takarda a kan hotonsa da sunansa. Da hannuna na ɓare ta, na kira sunansa da ƙarfi don baƙi su ji."

Tsohuwar ta ce, "Ka san shi ne, ɗana?"

"Shekara ashirin ina kai mutane gaban kunkurun tekun da ya zana."

"Ka taɓa gaishe shi?"

"To, ba mu haɗu ba tukuna."

"Tsohon ya rasu ran Laraba. Mu ba ma kiran sunan mamaci, ba ma kallon hotonsa, sai dangi sun yarda."

Ya cire hularsa. "Na san wannan, Anti. Kullum ina faɗa wa baƙi a mota."

"Ni na manna takardar. Yayana ne."

"Na riga na yayyaga ta."

"Matarsa tana cikin bas ɗin can, ta zo kwashe kayansa."

Ya tashi a guje. Ta gilashin ƙofa na hango shi ya manna bayansa da hoton, gumi na zuba, har matar ta shige. Ni da na tafa masa ɗazu a ciki da ya ɓare takardar, sai na tsaya gyara igiyar takalmi.