Fadamar Kanwa

A tashar Tawa, motar Barmu ta ƙi cika. Attahir, ma'aikacin gandun daji, yana zaune rungume da takardu, sai tsohuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗana, wanga tarin takarda na mine ne?"

"Sakamakon awon ƙasa ne, Inna. Itace dubu biyu munka dasa, duk sun mutu. Wata shida muna jiran Yamai, sai yanzu sunka ce kanwa ta yi yawa a wurin."

"Mi sunan wurin?"

"Fadamar Kanwa."

Tsohuwa ta yi dariya har ta ƙware da goro.

"Ashe ƙasa kunka aika Yamai a faɗa muku sunanta! Kakanninmu da harshe sunka auna ta."

"Kin san wurin ne?"

"Ni da na yi wata uku ina ba itacenku ruwa?"

"Kuma ba ki faɗa ba!"

"Wa ya tambaye ni? Kun zo da igiyar awo, kun baro kunnuwa a ofis. Ga yunwa, ga foroje, masu aikin dashen, na ba mu tiyar hatsi kullum. In faɗa a tashi aikin?"

Attahir ya zaro taswira. "Suna ba ilimi ba ne, Inna. Bana mun zaɓi sabon wuri, da taswira."

"Madalla. Mi sunanshi?"

Ya buɗe taswirar, ya bi da yatsa, ya tsaya a kan sunan.

"Karanta mini mana, ɗana."

"Tudun Gara."

"To," ta ce, tana gyara lulluɓi, "rubuta sunana tun yanzu. Tuluna na nan."