Tsohuwar da Ta Saya Mini Sabuwar Tukunya

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannunki da aiki. Sunana Nuhu, ina zaune a Kurudu, ina aikin binciken iri a Sheda.

Bara ofis ya tura ni Vietnam kwas na sati uku kan noman shinkafa. Kwana goma ina cin burodi da ayaba, don tsoron naman alade. Wanda ke yi mana tafinta, Minh, ya lura. Ranar Asabar ya ɗauke ni a babur, muka shiga kwalekwale muka zaga kasuwar da ake ci a kan ruwa, sannan ya ce, "Mahaifiyata tana jiranka."

Ni kuwa ban san yadda zan ƙi abincin tsohuwa ba. Muna isa ta nuna mini tukunya, takardar shago tana manne a jikinta. Minh ya ce, "Ta ce jiya ta saye ta, kifi da ganye kawai suka taɓa shiga ciki." Wallahi na ci har na nemi ƙari. Da azahar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kashe rediyonta har na idar. Kuma ba Musulma ba ce.

To, wata mai zuwa Minh zai zo Abuja aiki. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, amma daga ofis sai kasuwar Garki na sani. Jama'a, don Allah ina zan kai mutumin nan, kuma me zan ba shi ya kai wa Mama?