Rigar da Maigidana Ya Tuɓe a Makaranta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Daga Dogo Nini nake rubuto maka, don Allah ka sakaya sunana.

Shekarun baya maigidana ya yi fama da taɓin hankali. Bakin titi yake tsayawa ba riga, yana sara wa kowace tirela kamar soja. An kai shi asibiti, yana shan magani, yanzu lafiya lau yake sayar da hatsinsa.

Ranar rabon kyaututtuka a makarantar 'yarmu Amina, ɗalibai suka yi wasan kwaikwayo a kan masu wannan ciwo. Sai ga wani ɗalibi ya fito ba riga, ya ƙame, yana sarawa. Wuri ya kaure da dariya, ana ta waiwayenmu.

Kawai maigida ya miƙe. Na riƙe hannunsa na ce, "Baban Amina, don girman Allah!" Ya fizge, ya nufi ɗalibin. Dariya ta ɗauke cak. Mata suka janye 'ya'yansu, malamin su Amina ya rarumi sanda.

Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa ɗalibin, ya ce, "Ka iya ni, ɗana. Amma ni, duk tsayuwar da na yi a titi, ba wanda ya yafa min riga."

Tun ranar Amina ta ƙi komawa makaranta. Ta ce ba dariyar ke ci mata rai ba, sandar da malaminta ya ɗaukar wa babanta ce. Masu sauraro, me zan ce mata?