Dattawanmu Sun Ƙi

Ran kasuwar Lolo, wani manomi da wani dattijon Bafulatani da ba su san juna ba suna zaune a tasha, suna jiran mota ta cika.

Manomin ya ce, "Baba, kamar na gan ka wurin zaman burtali, wanda garuruwa biyar sunka yi, namu da na tsallaken Benin."

"Ba ni ba ne, ƙanena munka tura. Mi ya sa kake tambaya?"

"Ni manomanmu sunka tura. Kwana uku muna ja kan faɗin hanyar shanu, anka sa hannu. Sai ga labari wai dattawanku sun ƙi."

"Naku ma na ji sun ƙi."

"Namu da dalili."

"Wane dalili? Har taki ashirin anka rage muku daga burtalin."

Manomin ya waiga, ya sassauta murya. "Baba, wakilin da mutanensa ke yarda da komi, shi ake dannewa. Ni na ce musu su ƙi sau ɗaya, in koma a ƙara muna."

Dattijon ya ce, "Abin da na ce wa ƙanena ke nan."

"To, sauran garuruwa ukun fa?"

"Kana jin mu biyu kaɗai ke da wayo? Malam, shanu na gangarowa nan da kwana goma, kuma su ba su sa hannu a komi ba. Shinkafarka ta nuna?"