Takalmin Taya a Hanyar Nullarbor

A gidan man Caiguna, Merrin na ɗaure takalminta mai taya sai wani dattijo, direban tirela, ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, da wannan kika taho daga Perth?"

"Da shi zan shiga Adelaide, Baba."

"Gaba babu inuwa, babu ruwa. Iskar tirela kaɗai ta isa ta watsar da ke. Hau in rage miki hanya."

"Na gode, ba zan hau ba."

"Ga ƙafarki ma tana rawa! Ki bari sai baɗi mana."

Merrin ta dafe gwiwarta. "Ciwo ne, Baba. Likita ya ce baɗi ba lalle ne ƙafafun nan su ɗauke ni ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon kwalta.

"To, ki riƙe gefen hagu, 'yata. Zan gaya wa direbobi ta rediyo su ba ki wuri."