Jan Rahoton da Ya Kusa Raba Ni da Aikina

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Rifkatu, 'yar nan Wusasa ce. Ku yi haƙuri in muryata ta yi rawa.

Ina aikin rubuta manhajar kwamfuta a wani ƙaramin ofis cikin birni. Muna da kwamfuta guda da ke karɓar aikin kowa, ta haɗa, ta gwada da kanta. In ya yi kyau ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja, ta kuma faɗi inda laifin yake.

To, nawa kullum ja! Rahoton ya ce ɓangaren da na rubuta ya faɗi gwaji. In duba, in sake dubawa, ban ga komai ba. Abokin aikina Malam Sabo sai ya ɗan taɓa wani layi bayan sallar la'asar, ya sake turawa, sai kore. Kowa ya ɗauka shi ke gyara mini shirme. Na ji kunya, na ji haushi, har abinci ya daina shiga.

Wata ranar Alhamis mai ofishin, Alhaji, ya kira ni. Ya ce, "Rifkatu, ba na jin daɗin faɗar wannan. Gobe za mu miƙa aikin nan. In naki ya sake fitowa ja, sai dai ki yi haƙuri da mu."

Ran Juma'a, ana kiran salla na tura aikina, kamar yadda na saba yi kullum da azahar kafin in ci abinci. Kowa ya tafi masallaci. Can sai ga ja. Na durƙusa a gefen tebur na ce, "Ya Uba, idanuna sun gaji. Ka nuna mini abin da ba na gani."

Ina durƙushe sai na lura da shirun. Fanka ta tsaya. Maigadi ya kashe janareto, don ya saba hutar da shi duk lokacin salla. Kwamfutar gwajin tana da batir, tana ta aikinta. Amma akwatin intanet da ke bango? Ko fitila ɗaya babu!

Na tashi na sake buɗe rahoton. Kullum layin ƙarshe nake karantawa, wanda ke zargina. Ran nan na hau can sama. Ga shi nan cikin ƙananan rubutu: kwamfutar ta je ɗauko wani ɓangare a intanet, ba ta samu ba, ta ci gaba a haka, ta ɗora laifin a kaina.

Da suka dawo na ce, "Alhaji, don Allah a tayar da janareto. Kada kowa ya taɓa ko harafi ɗaya."

Aka tayar, na sake tura aikin yadda yake. Muka tsaya cirko-cirko.

Kore! Halleluya!

Malam Sabo ya dafe kai ya ce, "Ashe ba abin da nake gyarawa." Alhaji kuwa a gaban kowa ya ce, "Mun zalunce ki, Rifkatu. Ki yafe mana." Nan na fashe da kuka.

Na gode wa Ubangiji da ya wanke ni. Ɗan'uwa, in ana nuna ka da yatsa kan abin da ba ka yi ba, kai kukanka gare shi. Yana ji. Gobe Litinin ina bakin aikina. Amin.